Kuɗin awa ko jinga: amsoshi ga masu aikin kansu

Na daɗe ina aikin fassara da gyaran rubutu ba a ƙarƙashin kowa ba, kuma kusan duk mako sai wani sabon shiga ya turo mini tambayoyin nan. Na tattara su wuri guda domin na gaji da maimaita amsa ɗaya.

Nawa zan nema a kan awa ɗaya?

Lissafinka ne zai yanke maka. Haɗa abin da kake kashewa a wata, har da kuɗin data, man janareta, gyaran kwamfuta da ajiya saboda watan da aiki zai ɗauke, sannan ka raba shi da awoyin da za a biya ka. A ce jimlar naira 300,000 ce, kana aikin kuɗi awa 4 a rana, kwana 20 a wata. Awa 80 ke nan, wato naira 3,750, kuma duk abin da ya gaza haka faɗuwa ce. Na ce awa 4 domin neman aiki, amsa saƙonni da bin bashi suna cin sauran yinin, kuma babu mai biyan su.

Abokina yana karɓar ƙasa da haka, in bi farashinsa?

A'a. Wataƙila shi ba ya biyan haya.

Shin sai na karɓi kafin alƙalami?

Ƙwarai kuwa, rabi ko sulusi. Tela yana karɓa kafin ya yanka yadi, don haka ban ga dalilin da kunya za ta hana ka ba.

Mun yi jinga, amma aikin sai ƙaruwa yake yi. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta, kuma amsarta ta dogara da abin da kuka rubuta tun farko. Idan yarjejeniyarku ta fayyace yawan shafuka, ranar miƙa aiki da sau nawa za a yi gyara, to magana ta yi sauƙi: ka nuna wa mai ba ka aikin cikin ladabi cewa abin da ya kawo yanzu sabon aiki ne, ka faɗi kuɗinsa bisa farashinka na awa, kuma kada ka taɓa shi sai ya amince. Idan kuwa da baki kuka yi, kamar yadda yawancinku kuke yi duk da gargaɗin da nake yi, to wani ɓangare na laifin naka ne, kuma mai yiwuwa ka haƙura da asarar wannan karo. Sai dai ko a nan akwai bambanci. Ƙarin da bai wuce awa ɗaya ba ga mutumin da ya saba kawo maka aiki yana biya a kan lokaci, ni nakan bar masa a matsayin gyara irin ta kasuwa, amma in gaya masa cewa gyara ce, domin kada gobe ya ɗauke ta haƙƙinsa. Ƙarin da ya kai rubu'in aikin kuwa, ko wane ne shi, sai an sake ciniki. Kada ka ji tsoron zai gudu. Yawancin masu ba da aiki sun san sun ƙara, shirunka kawai suke gani. Nan gaba, aikin da iyakarsa ba ta fito ba ka yi shi da awa, wanda ka san tsawonsa ka yi jinga, bayan ka ƙiyasta awoyinsa ka ɗora wani abu a kai saboda abin da ba ka hango ba.

La'adar dandamali fa?

Ka sa ta cikin farashi. Fiverr, dandamalin intanet da ke haɗa masu aikin kansu da masu ba da aiki, yana cire kashi 20 cikin 100, saboda haka mai son dala 100 ta shigo hannunsa sai ya nemi 125. Wannan lissafin firamare ne, amma kullum sai an manta da shi.

Da naira zan yanke farashi ko da dala?

Da kuɗin da mai ba ka aikin yake samu. Idan da naira ce kuma aikin zai ɗauki watanni, ka rubuta cewa farashin na kwana 30 ne. Wanda ya yi doguwar jinga a farkon 2023, lokacin da dala take kusan naira 460 a farashin hukuma, ya ga yadda ta haura 1,500 a 2024 kafin wasu su gama biyansa.