Waiwaye: Gudan jini, shanyewar ɓarin jiki da magungunan taɓin hankali

Tun da mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da wani bincike a 2024 kan masu gigin tsufa sama da 170,000 a Ingila, muhawara ta sake tashi, wasu na magana kamar yanzu aka gano cewa magungunan taɓin hankali na ƙara haɗarin daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Zancen ya haura shekara 70.

A 1952 aka fara ba majinyata chlorpromazine, wani maganin taɓin hankali, a Faris. Ba a daɗe ba likitoci a Jamus suka fara ba da rahoton gudan jini a ƙafafu da huhun masu shan sa. Aka ce ai dole, mutum ne a kwance ba ya motsi, wani ma a ɗaure. Laifi ya koma kan ciwon, magana ta kwanta shekaru da dama.

Abin da ya tono ta ba don ita aka yi shi ba. A 1975 wasu majinyata a Finland suka mutu bayan clozapine, wani maganin taɓin hankalin, ya karya musu fararen ƙwayoyin jini. Da aka amince da maganin a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, sai aka sa sharaɗi: duk mai shan sa sai an riƙa gwada jininsa a kai a kai, an kuma rubuta sunansa a rajista. Wannan rajista ita ce ta tara mutum kusan 67,000 a wuri guda, an san wanda ke sha, an san wanda ya daina. Masu bincike suka haɗa ta da bayanan mace-mace na ƙasar, suka wallafa sakamako a 1997. Abin da ya ja hankali shi ne raguwar kisan kai a tsakanin masu shan maganin, kuma labari ne mai daɗi. Amma a cikin takardar nan dai an nuna mutuwa ta toshewar jijiyar huhu da gudan jini ta fi yawa ga masu sha fiye da waɗanda suka bari. Duk masu ciwo iri ɗaya ne, don haka hujjar cewa ciwon ne kaɗai ta yi rauni. A ganina nan ne gaɓar da aka fi mantawa, domin sai da aka ƙirga mutuwar waɗannan bayin Allah ɗaya bayan ɗaya sannan abin ya fito.

Daga nan komai ya zo da sauri. A 2000 mujallar Lancet ta alaƙanta tsofaffin magungunan da gudan jini. A 2004 Birtaniya ta yi gargaɗi cewa risperidone da olanzapine, daga cikin sababbin magungunan, na ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 3 ga masu gigin tsufa, Amurka kuma ta sa gargaɗin haɗarin mutuwa ga masu gigin tsufa a takardar bayanin magungunan a 2005.

Yadda abin ke faruwa ba hanya ɗaya ba ce: barci mai nauyi da rashin motsi, ƙiba, da sauyin yadda jini ke daskarewa. Wanda ke shan maganin bai kamata ya yanke shi da kansa ba, ciwon na iya dawowa da ƙarfi. Wani bincike na 2010 ya nuna haɗarin gudan jini ya fi tsanani a watanni 3 na farkon fara sha.