Ɓoyayyen lungun teku

Lungun teku ƙaramin wuri ne da ruwa ya kutsa cikin gaɓa, bakinsa matsattse, cikinsa a buɗe, galibi tsaunuka sun kewaye shi. Yana samuwa ne idan igiyar ruwa ta fasa dutse mai tauri da ke gaba, ta tarar da yumɓu ko wani dutse mai laushi a bayansa, sai ta yi ta cinye shi tsawon dubban shekaru. Lulworth da ke Dorset a kudancin Ingila shi ne misalin da malaman ilimin ƙasa suka fi kawowa.

Tsaunukan da ke kare irin wannan wuri daga iska su ne kuma ke hana mota isa gare shi. Cala Goloritzé a tsibirin Sardiniya na Italiya, wanda zaftarewar ƙasa ta samar a 1962, sai an gangara da ƙafa fiye da kilomita 3 ta cikin duwatsu, kuma hawan dawowa ya fi gangarar cin rai. Navagio da ke tsibirin Zakintos na Girka ba a isa gare shi sai ta jirgin ruwa. A 1980 wani jirgin dakon kaya ya maƙale a rairayinsa, har yau gangar jikinsa na nan tana tsatsa. A 2018 wani ɓangaren tsaunin ya rufto ya jikkata masu yawon buɗe ido, daga baya hukumomi suka hana sauka a gaɓar.

Babban haɗarin dai shi ne cikar teku. A yawancin gaɓoɓi ruwa na cika sau biyu, ya janye sau biyu, cikin kusan awa 24 da minti 50. Wanda ya zagayo ta gindin tsauni lokacin da ruwa ya janye, bayan 'yan awanni zai iya tarar da hanyar ta nutse, ga shi waya ba kasafai take samun sabis a ƙarƙashin tsauni ba. Cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma ranar da wata ya cika. A Bahar Rum abin da sauƙi, don bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa bai taka kara ya karya ba, amma a gaɓar Atlantika yakan kai mita da yawa.

Shahara kan kawar da sirrin wuri. Cunkoson jiragen 'yan yawon buɗe ido ya lalata murjanin lungun Maya Bay a Tailan, aka rufe wurin a 2018, ba a sake buɗewa ba sai a watan Janairun 2022.