Waiwaye: Daga Ina Kuskuren 30031 Ya Samo Asali?

Muhawarar da malaman lissafi na Zariya ke ta yi a zaurukansu na WhatsApp, daga Samaru har Tudun Wada, kan tambaya ɗaya ce: in ka jero lambobi marasa rabuwa (waɗanda ba abin da ke raba su sai 1 ko su kansu) tun daga 2, ka ninka su, ka ƙara 1, shin dole abin da ya fito ya zama marar rabuwa? Wasu na dagewa haka aka koya musu. Gaskiya suka faɗa, haka aka koya musu, kuma matsalar ke nan.

Da farko abin kamar zai yi: 3, 7, 31, 211, 2311, duk ba sa rabuwa. A ta shida ne asiri ya tonu. 2 sau 3 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13 ya ba da 30030, a ƙara 1 ya zama 30031. Wani ɗalibina ne ya ɗaga hannu da waya a tafinsa ya ce, "Malam, ai 59 sau 509 ne." Na juya allo na ninka da alli, haka ne. Ta bakwai ma, 510511, ta rabu: 19 sau 97 sau 277.

Sanannen tarihin gajere ne. Yuklid, masanin lissafin Girkawa, ya rubuta hujjarsa cewa lambobi marasa rabuwa ba su da iyaka a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin Miladiyya, aka mayar da littafinsa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, aka fara buga shi a birnin Benis na Italiya a 1482.

Abin da ba a cika dubawa ba shi ne yadda hujjar ta sauya kama a hanya. A mas'ala ta 20 ta kashi na tara na littafin, Yuklid bai ce a fara daga 2 ba, bai kuma ce a ɗauka lambobin sun ƙare ba. Marasa rabuwa uku kawai ya ɗauka, kowaɗanne ne. Ya ce a ƙara 1 kan mafi ƙanƙantar lambar da duka ukun ke rabawa: ko dai sabuwar ba ta rabuwa, ko kuma akwai wata marar rabuwa da ke raba ta wadda ba ta cikin jerin. Gwada da 3 da 5: 15, ƙara 1, 16. Ta rabu, amma 2 ce ta raba ta, kuma 2 ba ta cikin jerinka. Hanya biyu ya buɗe.

Littattafan baya suka toshe ɗaya. Suka ce: ɗauka waɗannan su ne dukkan lambobi marasa rabuwa, ninka su, ƙara 1, tunda ba wadda ke raba ta, ita ma marar rabuwa ce. Maganar tana tsayawa ne kawai a kan zaton farko, zaton da ake shirin rushewa. Ɗalibi kuwa yakan manta zaton ya riƙe ƙarshen jimlar, ya haddace don jarrabawa, ya zama malami ya koyar. A 2009 Michael Hardy da Catherine Woodgold suka nuna yadda littattafai da yawa ke jingina wa Yuklid wannan sigar da ba tasa ba.

Sunan firamoriyal da ake kiran waɗannan ninke-ninke ma sabo ne, Harvey Dubner ne ya raɗa shi. Ko kuwa marasa rabuwa irin su 211 da 2311 suna da iyaka, har yau masana ba su warware ba.