Tsoho ya faɗi ya kasa tashi? Ku daina cewa targaɗe ne

Jama'ar Kaduna, na gaji da jin magana ɗaya a ɗakin masu karaya. Za a shigo mana da Hajiya ko Baba a kan tabarma, gadon baya gaba ɗaya ya yi gyambo, in ka tambaya yaushe abin ya faru a ce ai tun kafin azumi. To ina kuke tun lokacin? "Wallahi Sista, mun ɗauka targaɗe ne, mai ɗori yana ta zuwa."

Yawanci a banɗaki ne, wajen alwalar asuba, siminti ya yi santsi da damina, silifas ya kwashe ta. Ba wani faɗuwar kirki ba ce, amma ƙashin tsufa ba ƙwari gare shi ba, musamman na iyayenmu mata da suka daɗe da daina al'ada. Ku dubi ƙafar. In ta fi ɗayar gajarta, tafin ya kwanta ya kalli waje, ga zogi a matsematsi, ta kasa takawa, to karayar kwatangwalo ce har sai hoto ya ce ba ita ba.

Ba raina masu ɗori nake yi ba, da yawansu gadon sana'ar suka yi. Amma wannan karayar a wuyan ƙashin cinya take, can ciki, tsoka ta lulluɓe ta. Ina za a ɗaura kara? Me tsumma zai riƙe? Sai a yi ta jan ƙafa, a murza da man zafi, a gasa da ruwan zafi, tsohuwa na salati ana cewa ta yi haƙuri ƙashi ke komawa. Ba komawa yake ba. Tsagewar da ƙila kusoshin tiyata za su riƙe ce ake gocar da ita, ana ƙara tsinka jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin, har ya mutu.

Kuma kwanciyar ita ce mugun abin. Tsohon da ya yi makonni a kwance yana fitsari da bayan gida a shimfiɗa, gyambo zai ci bayansa, majina ta taru a huhu ta zama limoniya, jini ya daskare a ƙafa. Shi ya sa likitocin ƙashi ke son a yi aikin tiyata cikin awa 48, ko a sa ƙarfe a ɗaure ƙashin, ko a cire kan da ya lalace a sa na ƙarfe. Sau da yawa washegari ake zaunar da mutum, masu gashin ƙashi su fara tsayar da shi da sandar tallafi.

Na san tsoronku. Wai asibiti yanke ƙafa ake yi. Ba a yanke ƙafa don karayar kwatangwalo. Na san kuma kuɗin aiki ba wasa ba ne a wannan zamani, Allah ya hore mana. Amma ku lissafa abin da kuka kashe a ɗori da kemis da kunzugun manya wata biyu, sannan ku dawo aikin ya fi wuya. Haba jama'a! Uwar da ta goya ku?

In abin ya faru: kar a tilasta mata tsayuwa, kar a ja ƙafar, kar a ɗora ta a babur. A tallafe ƙafar da matashi, a ɗauke ta a kwance cikin mota. A tafi da magungunan hawan jini ko na suga da take sha. A nemi hoto a ranar, a Barau Dikko, ko Asibitin Sojoji na 44, ko Shika a Zariya. Na ƙashi na Dala a Kano ma yana nan. Kafin ku kwanta yau, a kankare gansakukar banɗakin nan, a sa fitila, a ajiye wa tsohuwa kujerar alwala.