Richard Cloward

Richard Andrew Cloward (1926–2001) malamin jami'a ne ɗan Amurka wanda ya shekara 47 yana koyarwa a sashen nazarin aikin jin daɗin jama'a na Jami'ar Columbia da ke birnin New York. An san shi da bincike a kan talauci da tallafin da gwamnati ke bai wa marasa galihu, da kuma hannun da ya sa wajen haɗa kan talakawa su nemi haƙƙinsu. Mafi yawan rubuce-rubucensa ya yi su ne tare da matarsa Frances Fox Piven, masaniyar kimiyyar siyasa, har ya zama ba a cika ambaton ɗaya a bar ɗaya ba.

Tashinsa da farkon aikinsa

An haife shi ranar 25 ga Disamba 1926 a garin Rochester na jihar New York. Ya yi aikin sojan ruwa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya sami digirin farko a Jami'ar Rochester a 1949, na biyu kuma a Columbia a 1950. Daga nan ya yi aikin kula da fursunoni a wani gidan yarin soja a jihar Pennsylvania. A 1954 ya fara koyarwa a Columbia, a 1958 ya kammala digirin digirgir a ilimin zamantakewa.

Littafin da ya fito da sunansa shi ne Delinquency and Opportunity, wanda suka wallafa da Lloyd Ohlin a 1960. A lokacin an fi ɗora laifin lalacewar yaran unguwannin talakawa a kan rashin tarbiyya ko matsalar ƙwaƙwalwa. Su kuwa suka ce yaron yana son abin da kowa ke so, amma ya tarar da ƙofar makaranta da ta aikin yi a rufe, sai ya bi wadda ya samu a buɗe. Suka ƙara da cewa ko hanyar ɓarnar ma ba kowa ke samunta ba: inda akwai manyan 'yan daba masu tsari, yaro kan koyi sata a matsayin sana'a, inda babu, sai faɗan unguwa ko shaye-shaye.

A kan wannan tunani aka gina shirin Mobilization for Youth a unguwar Lower East Side ta New York, wanda gwamnatin John F. Kennedy ta ba kuɗi a 1962. Shirin ya koyar da matasa sana'a, ya buɗe ofisoshi a cikin unguwa, ya ɗauki lauyoyi masu tsaya wa talaka kyauta, ya kuma mara wa 'yan haya baya lokacin da suka ƙi biyan kuɗin gidajen da suka lalace. Wannan na ƙarshe ya jawo wa shirin fushin masu iko, a 1964 har wata jarida ta zarge shi da zama mafakar 'yan kwaminis. Duk da haka da shi aka yi koyi wajen tsara yaƙi da talauci na zamanin Shugaba Lyndon Johnson. A nan ne kuma Cloward ya haɗu da Piven.

Gwagwarmayar masu karɓar tallafi

Abin da ma'aikatan shirin suka riƙa gani a ofisoshin unguwa shi ya sauya alƙiblar Cloward. Mace za ta zo da 'ya'yanta, doka ta ba ta damar karɓar tallafi, amma jami'i ya sallame ta ba tare da ko cike takarda ba. Wata tana karɓa, amma ba wanda ya taɓa gaya mata cewa dokar birnin ta tanadi kuɗin rigar sanyi ta yara da gado da kayan girki. Cloward da Piven suka lura cewa tsarin yana tsaye ne saboda ɗimbin waɗanda suka cancanta ba sa nema, wasu don rashin sani, wasu don kunya.

A watan Mayu 1966 suka buga maƙala a mujallar The Nation suna ba da shawarar a wayar da kan duk wanda ya cancanta ya je ya yi rajista. Lissafinsu shi ne idan jama'a suka yi cincirindo a ofisoshin, kasafin birane da jihohi ba zai ɗauka ba, dole gwamnatin tarayya ta shigo ta kafa mafi ƙarancin kuɗin shiga ga kowane gida. Sun taimaka wa George Wiley, malamin kimiyyar sinadarai da ya bar jami'a don fafutukar 'yancin baƙar fata, wajen kafa ƙungiyar National Welfare Rights Organization. Akasarin 'ya'yanta iyaye mata ne baƙar fata, Johnnie Tillmon ce shugabarsu ta farko. Sukan shiga ofis da takardar jerin abubuwan da doka ta ba su, su zauna, su ƙi tashi sai an biya.

Masu karɓar tallafin iyalai sun ƙaru daga kusan miliyan 3 a 1960 zuwa kusan miliyan 11 a tsakiyar shekarun 1970, ko da yake hukunce-hukuncen kotu da ƙaurar baƙar fata zuwa biranen arewacin ƙasar su ma sun taka rawa. Amma babban burin bai cika ba. Shirin tallafin iyali da Shugaba Richard Nixon ya gabatar a 1969 ya mutu a Majalisar Dattawa, ƙungiyar kuma ta rufe a 1975.

Ra'ayinsa a kan ƙarfin talaka

A littafinsu Regulating the Poor na 1971, Cloward da Piven sun yi bayanin cewa gwamnati kan buɗe hannu idan tarzoma ta tashi, ta kuma matse idan ƙura ta lafa domin a koma aikin ƙaramin albashi. A Poor People's Movements na 1977 suka bibiyi gwagwarmaya huɗu: ta marasa aiki da ta ma'aikatan masana'antu a shekarun 1930, ta 'yancin baƙar fata, da ta masu karɓar tallafi. Hukuncinsu shi ne talakawa sun fi cin nasara lokacin da suka tsayar da al'amura cik ta yajin aiki da zaman dirshan, kuma da zarar shugabanni sun koma tara kuɗin rajista da zaman taro da 'yan majalisa, wutar sai ta mutu. Wannan magana ta yi wa masu aikin haɗa kan jama'a zafi, musamman da ta fito daga mutumin da da hannunsa aka kafa ƙungiya. Masu suka sun ce ba tare da ƙungiya ba babu mai tsare abin da aka samu, kuma wannan suka tana da nauyi.

Rajistar masu zaɓe

Bayan Ronald Reagan ya hau mulki ya fara zaftare tallafi, sai suka juya ga akwatin zaɓe. A farkon shekarun 1980 suka kafa ƙungiyar Human SERVE, suna neman a riƙa yi wa mutane rajistar zaɓe a ofisoshin da suke zuwa dama. Littafinsu Why Americans Don't Vote na 1988 ya nuna yadda wahalar rajista ke hana talakawa jefa ƙuri'a. A 1993 Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta wajabta bayar da damar rajista a ofisoshin lasisin tuƙi da na tallafi, su biyun kuma suna wurin bikin. Shekara uku bayan nan Clinton ɗin ya sa hannu a dokar da ta soke tsohon tsarin tallafin iyalai, abin da suka yi adawa da shi ƙwarai.

Cloward ya rasu ranar 20 ga Agusta 2001 a New York sakamakon cutar dajin huhu. Kusan shekara goma bayan rasuwarsa masu ra'ayin riƙau a kafafen yaɗa labaran Amurka, musamman Glenn Beck, suka tono maƙalar 1966 suna cewa makirci ne na rusa tattalin arzikin ƙasar, lamarin da ya kai ga Piven ta riƙa samun barazanar kisa.