Tsadadden konfileks mai ƙarancin sitaci na intanet: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Da wuya mai bibiyar shafukan rage ƙiba ko na masu ciwon sukari a Instagram da YouTube ya ce bai taɓa cin karo da tallan wani hatsin karin kumallo na kwali ba, mai launuka kamar na yara, wanda ake cewa ba sukari a cikinsa, sitacinsa kaɗan ne, furotin kuwa ga shi nan da yawa. A Amurka wannan kasuwa ta tashi, can kuma ta fi ƙarfi, amma talla ba ta san iyakar ƙasa ba. Ga tambayoyin da ya kamata mutum ya samu amsarsu kafin ya tura kuɗinsa.

Wane irin abinci ne wannan, kuma me ya raba shi da konfileks ɗin da aka sani?

Konfileks na asali, wanda kamfanin Kellogg ya fara sayarwa a garin Battle Creek na jihar Michigan tun 1906, masara ce aka dafa, aka murje, aka gasa. A kowane giram 100 nasa, kusan giram 84 kabohaidiret ne, wato sitaci da sukari, furotin kuwa bai wuce giram 7 zuwa 8 ba. Yana cikin abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini, ko da ba a barbaɗa masa sukari ba.

Sabon kuwa sunan hatsi kawai ya ara, don mafi yawansa babu hatsi a ciki. Ɗauki Magic Spoon, wanda Gabi Lewis da Greg Sewitz suka fito da shi a birnin New York a 2019. Ginshiƙinsa garin furotin ne da aka tace daga madarar shanu, aka haɗa da man girki, da ɗan sitacin rogo, da abubuwan zaƙi, sannan aka tura kwaɓin cikin inji mai zafi ya fito a kumbure kamar ƙananan zobba. Catalina Crunch, wanda Krishna Kaliannan ya kafa saboda shi kansa yana fama da ciwon sukari, furotin ɗin wake ne da faiba, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa. Abin da irin waɗannan kamfanoni suka saba rubutawa a kwali shi ne furotin giram 11 zuwa 14 a kwano ɗaya, sukari sifili, da ragowar kabohaidiret giram 4 ko 5.

Akwai kuma nau'i na biyu wanda ba a kumbura shi: gasassun 'ya'yan itatuwa masu mai da tsaba da kwakwa ne aka dunƙule. Wannan ya fi kusa da abinci na gaske, sai dai mai ya yi masa yawa.

Me ya sa kuɗinsa ya yi yawa haka?

Lokacin da Magic Spoon ya fito, dala 39 ake sayar da kwali huɗu, kuma ba a raba su. Kwali ɗaya ya tashi kusan dala 10 ke nan, ga shi kwalin ƙarami ne, bai cika giram 200 ba. Idan aka auna da nauyi, kilo ɗaya ya doshi dala 50, wato ninki uku zuwa biyar na konfileks na kanti a can Amurka.

Wani ɓangare na tsadar yana da hujja. Masara na cikin abinci mafi araha a duniya, furotin ɗin madara kuwa sai an tatsi madara mai yawa an tace kafin a samu kilo guda. Abubuwan zaƙin ma sun fi sukari tsada nesa ba kusa ba. Sauran kuɗin kuwa ba cikin kwano yake shiga ba. Akwai kuɗin aika kwali har ƙofar gida, akwai kuma kuɗin talla, domin da bakin masu shirye-shiryen intanet aka gina kasuwar, kuma wasunsu suna da kamasho a kan duk wanda ya saya da lambar rangwamen da suka bayar. Don haka idan ka ji wani yana rantsuwa cewa bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba, sannan ya ba ka lamba, ka san ɗan kasuwa ne ke magana.

Tun 2022 aka fara sa Magic Spoon a kantunan Target, manyan kamfanoni irin su General Mills da Post ma sun fito da nasu. Wanda ke zaune a Amurka yanzu yana iya sayen kwali ɗaya ya ɗanɗana, ba sai ya yi odar huɗu ba.

Giram 4 ɗin nan da ake rubutawa da manyan haruffa, gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma lissafi ne na kamfani, kuma nan ne ya kamata mai saye ya fi buɗe ido. Idan ka juya bayan kwalin, za ka ga jimillar kabohaidiret ta kai giram 14 ko 15. Daga nan ne ake cire faiba, a cire abubuwan zaƙin da ake ganin jiki ba ya ƙonawa, abin da ya rage a kira shi ragowar kabohaidiret a manna a gaba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta da wata ma'ana ta doka ga wannan ragowa, kuma ƙungiyar masu kula da ciwon sukari ta ƙasar ba ta amince da ita a matsayin ma'auni ba. Shawararta a duba jimillar.

Dalili kuwa shi ne abubuwan da ake cirewa ba halinsu ɗaya ba. Abubuwan zaƙi irin alulos da iritiritol kusan ba sa taɓa sukarin jini. Maltitol kuwa yana ɗaga shi, ko da bai kai sukari ba, amma wasu kamfanoni sukan cire shi gaba ɗaya daga lissafi kamar babu shi.

Sai maganar kwano. Abin da kamfani ke kira ci ɗaya giram 36 zuwa 38 ne, shi ya sa yake cewa kwali zai yi ci biyar. Baligi mai jin yunwa da safe ba ya tsayawa a nan. Yakan zuba ninki biyu bai sani ba. Sai lambobin su ninka, kwalin kuma ya ƙare a kwana biyu ko uku. Madarar da za a zuba ma ba a sa ta a lissafi ba, alhali kofi ɗaya na madarar shanu yana ɗauke da kusan giram 12 na sukarin madara. In kuwa madarar gwangwani ce mai kauri da zaƙi, to an rushe ginin tun daga tushe.

In babu sukari, daga ina zaƙin yake fitowa? Ba ya cutarwa?

Galibi daga abu uku ne: alulos, da ganyen stibiya, da ruwan wani ɗan itace da ake nomawa a kudancin ƙasar Sin. Alulos wani nau'in sukari ne da ake samu ɗan kaɗan a cikin ɓaure da busasshen inabi, amma na kasuwa daga masara ake sarrafa shi. Zaƙinsa kusan kashi 70 cikin 100 na sukari ne, kuma jiki yana fitar da mafi yawansa ta fitsari ba tare da ya ƙona shi ba. A 2019 FDA ta yarda a daina ƙirga shi cikin sukari a jikin kwali, kuma a shekarar ce Magic Spoon ya fito. Tarayyar Turai ba ta ba da izinin sa shi a abinci ba, shi ya sa irin wanda ake yi a can da wasu abubuwan zaƙin ake haɗa shi.

Matsalar da aka fi kuka da ita ta ciki ce. Alulos mai yawa, da wata faiba mai suna inulin da ake cirowa daga saiwar wani tsiro, suna sa kumburin ciki da tusa, wasu har da gudawa, musamman in aka ci da yawa tun ranar farko. Game da iritiritol, wani bincike na asibitin Cleveland Clinic da aka wallafa a 2023 ya gano alaƙa tsakanin yawansa a jini da bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Alaƙa ce aka gani, ba a tabbatar shi ne sanadi ba, amma mai ciwon zuciya ya dace ya sani. A watan Mayun 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da abubuwan zaƙin da ba sukari ba, har da stibiya, don rage ƙiba.

Ɗanɗanon fa? Wasu suna son sa sosai. Wasu kuma suna cewa yana manne wa haƙori, yana kuma barin wani ɗaci-ɗaci a maƙogwaro. Wannan sai bakin mutum.

Zai rage mini ƙiba?

Shi kaɗai, a'a. Kalorin da ke cikin giram 100 nasa ya yi daidai da na konfileks na kanti, wani lokaci ma ya ɗara, saboda man da aka sa. Amfanin da yake da shi ɗaya ne, kuma na gaske ne: furotin ya fi sitaci riƙe ciki, don haka mai yiwuwa ba za ka nemi abin taɓawa da hantsi ba.

Ita kanta rigimar rage sitaci ko rage mai, an gwada ta. Jami'ar Stanford ta raba mutum 609 gida biyu na tsawon shekara guda, aka fitar da sakamakon a 2018. Masu rage sitaci sun sauke kusan kilo 6, masu rage mai kusan kilo 5, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. Abin da aka gaya wa ɓangarorin biyu iri ɗaya ne: su rage sukari da tataccen gari, su ci kayan lambu, su riƙa girki a gida. Abincin da aka harhaɗa a masana'anta daga tatattun sinadarai ba shi aka tura su ci ba, wannan hatsin kuwa irinsa ne.

Mai ciwon sukari fa?

Shi ne ya fi kowa hujjar saye. Idan ya saba karyawa da konfileks ko burodi da shayi mai sukari, sauyawa zuwa wannan zai rage tashin sukarin jininsa bayan ci. Amma kada ya yarda da kwali, ya yarda da na'urarsa: ya auna kafin ya ci, ya sake aunawa bayan awa biyu, ya maimaita na 'yan kwanaki.

Wanda ke allurar insulin ko shan ƙwaya irin gilbenkilamaid ya yi magana da likitansa tukuna, domin rage sitaci farat ɗaya alhali magani yana nan yadda yake na iya sa sukari ya faɗi ƙasa, wanda hatsarinsa na nan take ne. Mai ciwon ƙoda ma kada ya ƙara furotin da ka. Wanda jikinsa ba ya karɓar madara ya karanta abin da aka haɗa.

A ba yara?

Babu buƙata. Yaro mai lafiya ba ya bukatar a rage masa sitaci, kuma konfileks na kanti galibi ana ƙara masa sinadarin ƙarfe da bitamin B, abin da yawancin waɗannan masu tsada ba su da shi.

Idan furotin da ƙarancin sitaci nake nema, me zai maye gurbinsa?

Ƙwai biyu suna ba da furotin giram 12 zuwa 13, daidai da kwano ɗaya na Magic Spoon, kabohaidiret ɗinsu kuma kusan giram ɗaya ne kacal. Ba lissafin cire wannan a cire wancan. Ga wanda ke Kano ko Maraɗi, akwai abin da ya fi ƙwai araha: awara. Waken suya ne zalla, furotin da yawa, sitaci kaɗan, abin lura kawai shi ne man suya. Kindirmo da ba a sa wa sukari ba, da ɗan gyaɗa a kai, shi ma ya shiga layi. Gyaɗa tana da furotin kusan giram 25 a giram 100, amma kusan rabin nauyinta mai ne, don haka cikin tafin hannu ya isa.

Ƙosai da alale suna da furotin da faiba, sun kuma fi koko da burodi sauƙi ga sukarin jini, amma wake yana da sitaci, kada a ɗauke su a matsayin marasa shi. Haka acca, wadda ake yawan yi wa masu ciwon sukari tallanta: hatsi ce, kuma mafi yawanta sitaci ne.

Mai son abin gurgura a cikin madara yana iya haɗa nau'i na biyun nan a gida. A gasa gyaɗa da riɗi da kankararriyar kwakwa da agushi sama-sama, a haɗa da farin ƙwai don ya dunƙule, a sake gasawa har ya bushe, a zuba a kwalba.

To, wa ya kamata ya saya?

A ganina mutum iri ɗaya ne: wanda ya tashi da cin hatsin kwali mai zaƙi, ya kasa rabuwa da shi, likita kuma ya ce ya rage sukari, sannan dala 2 zuwa 4 a kan karin kumallo ba za su taɓa aljihunsa ba. A wurinsa abin marmari ne da ya fi wanda ya saba ci, kuma ya cancanci kuɗinsa. Wanda bai taɓa damuwa da konfileks ba, ba shi da abin nema a ciki.

Ga mai odarsa daga Najeriya ko Nijar, lissafin ya ƙara muni. Kwalin iska ya fi yawa a cikinsa, masu dakon kaya ta jirgin sama kuwa sukan yi kuɗi da girman kaya in ya fi nauyinsa, ga canjin dala, ga ribar dillali. Wanda ya ga ana sayar da shi a shagon intanet na cikin gida ya nemi hoton ranar lalacewarsa, ya kuma duba ko yana da lambar NAFDAC.

Idan ka yanke shawarar gwadawa, fara da mafi ƙanƙantar oda. Shafukan kamfanonin sukan nuna farashi mai rangwame wanda ke haɗe da rajistar aiko maka kaya duk wata ana cirar kuɗi daga katinka, don haka ka tabbata sayen sau ɗaya ka zaɓa kafin ka biya. In kaya ya iso, auna giram 38 ɗin a sikeli ko sau ɗaya ne, ka zuba a kwanon da ka saba, ka ga inda ya tsaya.