Sake wayoyin gita mai lantarki a gida

Sake wayoyin gita shi ne a buɗe cikinta a cire tsofaffin wayoyi da kayan da suka gaji a haɗa sababbi, ko kuma a canza yadda aka haɗa su don sauti ya canza. Aiki ne da mutum zai iya yi a ɗakinsa, don gitar da ba ta da batir babu wata wuta mai kama mutum a cikinta, ɗan siginal ne kawai. Amma amfilifaya daban take, musamman mai kwalba, wato mai bututun gilashi a ciki, tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an zare ta daga soket, ita kam kar a buɗe.

Kayan cikin ba su da yawa. Akwai fikof, wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai, in tsirkiya ta girgiza a samansa sai ya haifar da ƴar wuta, sai fot, wato abin murɗawa, na boliyom da na ton mai rage kaifin sauti, da kafasita da ke aiki tare da fot na ton, da suwic mai zaɓar fikof, sai jak na inci 1/4 inda kebul ke shiga. Fikof mai naɗi ɗaya irin na Fender Stratocaster da ta fito a 1954 yana kwaso kugin wutar gida, hatz 50 ko 60 ya danganta da ƙasa, wannan ne ya sa Seth Lover na kamfanin Gibson ya ƙera hambaka, fikof mai naɗi biyu da ke kashe kugin juna, ta hau gitar Les Paul a 1957. Fot ɗinsu ma ya bambanta, mai naɗi ɗaya akan ba shi na 250k, wato om 250,000 a ma'aunin turjiya ga wuta, don a rage masa kaifi, hambaka kuma 500k don kar muryarta ta dushe. Kafasita yawanci 0.047 ko 0.022 maikurofarad, mai babbar lamba ta fi cinye siririn sauti in an murɗa ton ƙasa. Fikof mai batir 9V irin na kamfanin EMG shi fot na 25k yake so.

To amma gaskiya inda aikin ke lalacewa ba wajen zaɓar kaya ba ne, wajen liƙi da dalma ne da wayar ƙasa, wato girawun. Dole bayan kowane fot da jikin suwic da gurbin girawun na jak su haɗu a layi ɗaya, sannan akwai wata waya da ke bi ta cikin katako zuwa ƙarfen da ke riƙe tsirkiya, ita ce mutane suka fi mantawa, in ta tsinke sai ka ji gitar na kugi kuma ko ka ɗora hannu a tsirkiya ba ya raguwa. In kuwa taɓa tsirkiyar ƙara kugin yake yi, to sau da yawa an juya wayoyin jak ne, ta siginal ta hau gurbin ta ƙasa. Ƙarfen liƙi na wat 40 ya isa, dalma kuma 60/40 mai ƙaro a ciki, ban da mai asid ta masu gyaran famfo don tana cin waya. Bayan fot yana da wuyar kama dalma, sai an ɗan kankare shi an fara shafa masa ita tukuna, kuma a yi sauri, in ƙarfe ya daɗe a kai cikin fot ɗin ya ƙone. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya kwanta, wanda ya dunƙule ya yi toka-toka kuwa zai riƙa yanke sauti.

Kafin a taɓa komai a ɗauki hoton cikin gitar da wayar salula, a rufe fentin da tsumma. Mitar auna wuta tana taimakawa sosai, fikof mai naɗi ɗaya kan nuna wajen 6k, hambaka wajen 8k ko fiye. Wasu suna shimfiɗa tef ɗin jan ƙarfe a cikin ramin don tare hayaniya, amma sai an haɗa shi da girawun yake aiki. Stratocaster ta fi sauƙi tunda kusan komai na kan faifan roba guda ne, ita kuwa gitar Gibson ES-335 ta ƴar ɓular jikinta ake zura kayan ana jawo su da zare. Kafin a mayar da tsirkiya sai a jona amfilifaya a ɗan ƙwanƙwasa kowane fikof da sukundireba, a juya suwic ɗin gurbi-gurbi a ji ko kowanne na amsawa a inda ya dace.